Yadda nake zaɓen wandon shiga ruwa don harbin agwagi

Wandon ruwa na farko da na mallaka da ido na saye shi, ban ko gwada ba. Na ga kaurinsa, na ga launinsa kamar busasshiyar ciyawa, na ga lambar ɗumi mafi girma a jikin takalminsa, na ce shi ke nan, ni da sanyi mun raba gari. Ranar fita, daga inda muka ajiye mota zuwa bakin ruwa tafiyar kusan minti 40 ce, ga bindiga a kafaɗa, ga buhun agwagin roba na yaudarar agwagin daji a baya. Kafin mu isa na jiƙe sharkaf da gumi. Muka jera agwagin robar a kan ruwa, muka laɓe muna jiran gari ya waye, sai gumin nan ya huce a jikina, haƙorana suka shiga kaɗawa. Da na samu na harbo guda, na yunƙura zan ɗauko ta, laka ta cafke takalmin dama. Na fizga, ƙafata ta zare daga ciki, takalmin yana nan daram a ƙasa. Na durƙusa ba shiri, ruwa ya kwararo ta ƙirji har cibiya. Abokin harbina ya yi dariya har da riƙe ciki kafin ya miƙo mini sanda.

Abin da nake magana a kai shi ne wandon nan da ba ya shan ruwa, wanda Turawa ke ce wa weda. Tun daga ranar na daina fara tambayar wane ne ya fi kyau. Wurin da zan shiga nake fara tunawa: zurfinsa, sanyinsa, irin ƙasansa, da nisan tafiyar da zan yi kafin in kai.

Maganar tsawo ba ta da wuya. Akwai mai tsayawa a cinya, akwai mai kaiwa ƙugu, akwai mai kaiwa ƙirji da maratayi a kafaɗa. Sayi na ƙirji. Ko ruwan iya gwiwa ne, akwai rami a ƙasa da ba ka gani, kuma maharbin agwagi yakan zauna a jiƙaƙƙen kututture ko ya durƙusa cikin ruwa don ya ɓuya. Na cinya sai in ƙaramin rafi kawai za ka tsallake.

Inda ake kai ruwa rana shi ne abin da aka yi wandon da shi. Na farko shi ne niyofirin, robar nan mai laushi kamar soso da masana kamfanin DuPont suka ƙirƙiro a 1930, irin wadda masu nutso a teku ke sawa. Cike take da ƙananan kumfan iska, su ne ke riƙe ɗumin jiki. Ana auna kaurinta da milimita: 3 ko 3.5 don matsakaicin sanyi, 5 don ruwan da ya kusa daskarewa. Idan kwale-kwale zai kai ka har maɓoya, ka tsaya cak awa uku cikin ruwan sanyi, ba abin da ya kai ta. Ruwa yana zuƙe ɗumin jiki kusan ninki 25 fiye da iska, don haka mai tsayuwa wuri ɗaya yana bukatar wannan kaurin. Aibinta nauyi, kuma ba ta barin gumi ya fita ko kaɗan. Ita ce ta dafa ni ran nan, sannan ta bar ni da sanyin gumina.

Na biyu shi ne yadi mai numfashi, wanda aka fi sani da sunan Gore-Tex, daga wani shimfiɗaɗɗen sinadari da Bob Gore ya gano a 1969, ko da yake yanzu kamfanoni da yawa suna da nasu irin. Ramukan jikinsa ƙanana ne ƙwarai, ɗigon ruwa ba ya shiga, amma tururin gumi yana fita. Ba shi da nauyi, ba ya ɗaure gwiwa. Shi kansa ba ya ba da ɗumi, abin da ka sa a ciki shi ke yi, kuma a wurina nan ne amfaninsa yake: farkon kaka in sa siririn wando ɗaya a ciki, sanyi ya tsananta in ƙara na ulu. Wando ɗaya ya ishe ni shekara. Sai dai ƙaya da tsinin busasshen reshe sun fi saurin huda shi, shi ya sa nake duba wanda aka ninka masa yadi a gwiwa da ƙwauri da mazaunai. Ni mai yawan tafiya ne, shi na koma sawa. Abokina da ba ya rabuwa da kwale-kwale har yau niyofirin yake sawa, kuma ban ga laifinsa ba. Akwai kuma na zallar roba mai tauri, yana jure ƙaya, amma tafiya cikinsa aiki ce.

Yanzu takalmi, wanda ni a ganina shi ne rabin wandon. Iri biyu ne. Akwai wanda takalmin yake manne da wandon, akwai wanda ƙafarsa kamar safa ce, sai ka ɗora takalmi mai igiya a kai. Mai igiyar ya fi riƙe idon sawu, masu kamun kifi a kogin duwatsu shi suka fi so. Amma a laka igiyar tana cika da taɓo, a tsananin sanyi ta sandare, ga kwance ta da daskararrun yatsu. Mafi yawan maharba agwagi mai manne suke ɗauka, ya fi ɗumi, ya fi saurin sawa cikin duhun asuba.

Sai dai dole ya kama diddige. Ka lura da wannan da kyau, domin abubuwa biyu ne masu karo da juna. Gaban takalmin ana so ya zama da sarari, yatsu su yi motsi ko da ka sa safa mai kauri, don takalmin da ya matse yana tare jini, kuma ƙafar da jini bai gudana a cikinta ba ta ɗumi ko me ka lulluɓe ta da shi. Amma wajen idon sawu ana so ya rungume ƙafa. Idan ka ɗaga ƙafa ka ji diddigenka yana hawa yana sauka a ciki, ajiye shi, laka za ta ƙwace maka shi. Yadda nake gwadawa: in sa wani ya take bayan takalmin da ƙafarsa, ni kuma in ja sama. In ƙafata ta fito salin alin, ba nawa ba ne.

Lambar da ake rubutawa a jikin takalmin, 600 ko 800 ko 1200 ko 1600, nauyin abin ɗumin da aka shimfiɗa a ciki ne, giram nawa a kowace murabba'in mita, galibi Thinsulate na kamfanin 3M. Ba nauyin takalmin ba ne, kamar yadda na ɗauka da farko. Mai tafiya a matsakaicin sanyi 600 zuwa 800 sun ishe shi. Daga 1200 zuwa sama na mai tsayuwa ne a ruwa mai ƙanƙara. Safa kuwa ta ulu, kada ka kuskura ka sa ta auduga. Auduga tana shan gumi ta riƙe, ta zama jiƙaƙƙen tsumma a ƙafarka.

Juya takalmin ka dubi ƙasansa. Nemi mai manyan haƙora na roba da tazara tsakaninsu, don laka ta riƙa kakkaɓewa. Mai shimfiɗar matsattsen gashi an yi shi ne don santsin duwatsu, a laka sulɓi yake. Wasu jihohin Amurka irin su Alaska da Maryland ma sun hana shiga ruwa da shi, saboda yana kwaso ƙananan halittu masu ɓarna daga wani ruwan zuwa wani.

Sai an gwada akan san na ƙwarai, don haka ka je da kayan da za ka sa a ciki ranar harbi, har safar. Sa wandon, ka tsuguna har ƙasa. Ɗora ƙafa ɗaya a kan kujera kamar za ka hau kwale-kwale. Idan hantsar ta ja, ya yi maka gajere, kuma ɗinkin wurin ne zai fara buɗewa. Idan kuma yadi ya taru a cinya yana gugar juna, ya yi tsawo, gugar nan ce za ta cinye shi. Kamfanoni da yawa suna yin lamba ɗaya ta takalmi da jiki daban-daban, na dogo, na mai ƙiba, na matsakaici, sai ka tambaya. Daga nan ka ɗaga hannu kamar ka saita bindiga. Wani maratayin ƙarfensa yana faɗowa daidai inda gindin bindiga ke zama a kafaɗa, ba za ka sani ba sai ka harba ka ji a ƙashi.

Bel ɗin ƙugu ba ado ba ne. Ɗaure shi tamau kafin ka taka ruwa, shi ke rage gudun ruwan da zai shiga in ka faɗi. Ruwan da ya cika wando ba ya jan mutum ƙasa muddin yana cikin ruwa, amma yana hana ƙafa motsi, kuma lokacin fita ko hawa kwale-kwale sai ka ji kamar an ɗaura maka buhunan yashi. A kwale-kwale kuwa rigar kariya daga nutsewa tana kan wandon, ba na jin kunyar sawa.

Launi ba na ɓata lokaci a kansa. Agwagi suna ganin launi sosai, amma rabin wandon yana cikin ruwa, sauran riga ta rufe. Ya dai zama mara ƙyalli, mai kama da ciyawar wurin. Aljihun ɗumama hannu a ƙirji yana da daɗi, madaukan harsashi kuma ni guda shida sun ishe ni.

Da ka kawo sabo gida, kada ka jira ranar fita. Shiga ɗaki mai duhu, zura tocila a kowace ƙafa, ka bi ɗinki da ido, musamman inda takalmi ya haɗu da wando. Duk inda haske ya leƙo, ruwa zai bi. In sabo ne ka mayar, in tsoho ne ka shafa gam irin Aquaseal ka bar shi ya kwana. Bayan kowace fita nakan ɗauraye lakar, in juya cikinsa ya sha iska, sannan in rataye shi a inuwa, don rana tana tsattsage roba, ninkewa kuma tana barin layin da zai zama yoyo. Nawa yana rataye a bayan ƙofa yanzu haka, da faci biyu a gwiwar hagu, wannan kaka ta huɗu ke nan.