Kurakuran da ake yawan yi a ƙawancen birane, da yadda za a gyara

Wallahi ƙawance tsakanin birane abu ne mai kyau, gari ya ga yadda ɗan'uwansa ya shawo kan shara ko cunkoso ko ambaliya shima ya ɗauka. Amma sau nawa muka ji an sa hannu a yarjejeniya an yi hotuna, daga nan shiru kamar an shuka dusa? Abin yana damuna sosai, don damina na zuwa kwalbatin unguwa ya toshe da ledar fiya wata, ruwa ya shiga ɗakin talaka.

Kuskuren da ya fi kowanne shi ne kwafo abin da ido ya gani a bar abin da ke riƙe da shi. Ɗauki bas mai hanyarta ita kaɗai, wato BRT. Birnin Kuritiba na Brazil ne ya fara a 1974 zamanin magajin gari Jaime Lerner, Bogota ta Kolombiya ta koya ta buɗe TransMilenio a 2000, Legas ta buɗe tata a 2008 daga Mile 12 zuwa CMS. To mai ziyara in ya je Kuritiba abin da zai burge shi dogayen motoci ne da tashoshin gilashi, sai ya dawo ya ce a sayo bas. Alhali sirrin ba a motar yake ba. Fasinja yana biyan kuɗi kafin ya shiga tasha, daɓen tashar daidai yake da ƙofar mota ba hawa ba sauka, saboda haka motar ba ta daɗewa a tsaye, sannan dokar gini ta ba da damar dogayen benaye a bakin layin don jama'a su zauna kusa da mota. In ka sayo bas ka jefa ta cikin goslo ɗaya da adaidaita, ai ba ka yi komai ba. Gyaran shi ne kafin a tambayi farashin mota a fara tambayar wa ke tsare layin, wa ke karɓar kuɗi, ina garejin gyara.

Wannan ya kawo mu kan waɗanda ake turawa. Tawaga sai ta cika da manya, injiniyan da zai zana magudana da jami'in kwashe shara suna ofis ba wanda ya tuna da su. Don Allah a tura masu aikin, su yi sati biyu ko uku suna bin takwarorinsu fili, ba kwana biyu a otal ba.

Sai mantawa da waɗanda ke cin abinci a harkar tun asali. Legas ta yi dabara a nan, ta jawo ƙungiyar direbobi ta NURTW cikin tafiyar da layin farko maimakon ta mai da su abokan gaba. Haka ya kamata a yi da 'yan gwangwan da masu kurar shara in za a kawo sabon tsarin shara, su suka san lungu da saƙo.

Haka batun Kigali, babban birnin Ruwanda, kowa na yabon tsaftarta. Ruwanda ta hana leda a 2008 kuma tana da Umuganda, aikin gayya na Asabar ɗin ƙarshen wata, amma dokar ta zauna ne saboda ana binta da gaske. Kafa doka ba tare da an tanadar wa mai shago abin da zai ƙunsa kaya ba wahala ce kawai.

Kayan kyauta ma a yi hattara, motar shara da ba safaya a kasuwarmu wata shida ta kwanta.

Sannan a daina ɗaura ƙawancen a wuyan mutum ɗaya, yana sauka daga kujera takarda ta shige durowa. Dubi Dogondutsi a Nijar da garin Orsay na Faransa, ƙungiyar mazauna gari ce ta daɗe tana riƙe da zumuncin, ana aiki kan ruwa da noma da makarantu. A sa ma'aikaci na dindindin a kan fayil ɗin, a ware masa kuɗi a kasafi, a zaɓi aiki ɗaya tak, misali magudanar kasuwa guda, a rubuta ranar da za a gama a liƙa inda 'yan kasuwar za su gani.