Yadda ake farautar barewa mai farar wutsiya da kwari da baka a lokacin barbara

A dazuzzukan Amurka akwai wata barewa da ake kira mai farar wutsiya, saboda in ta firgita takan ɗaga wutsiyarta sama, farin gashin da ke ƙarƙashi ya bayyana kamar tuta, sauran 'yan'uwanta su gane akwai haɗari. Namijinta, musamman wanda ya haura shekara 4, dabba ce mai wayo ƙwarai. Kusan duk shekara ba ya fita sai da dare, maharbi na iya shekara yana ganin sawunsa bai taɓa sa shi a ido ba. Makonni kaɗan ne a cikin kaka hankalinsa ke barin tsoro ya koma kan mata, ya riƙa yawo da rana tsaka, har ya rame saboda rashin ci. Wannan ne lokacin barbara, kuma shi masu baka ke jira.

Mataki na farko: takardu da sanin lokaci

A Amurka ba a ɗaukar baka a shiga daji haka kawai. Kowace jiha tana da hukumar kula da namun daji, ita ke sayar da lasisi da takardar da ake ɗaura wa dabbar da aka kashe, ita ke sanya ranar buɗe farauta da ranar rufewa. Jihohi da yawa sai ka yi kwas na tarbiyyar farauta kafin a sayar maka da lasisi. Jiha kamar Ayowa, wadda ta yi suna wajen manyan mazajen barewa, baƙo sai ya shiga ƙuri'a, yakan kuma yi shekaru yana jira. Wannan tsauri ba na banza ba ne. A farkon shekarun 1900 barewar nan ta kusa ƙarewa saboda harbin kasuwa, doka ce ta dawo da ita, har yau ana ƙiyasta yawanta da kusan miliyan 30. Ka kuma tabbatar filin da za ka shiga na gwamnati ne da aka buɗe wa mafarauta, ko kuma ka samu izinin mai gona.

Abin da ke tayar da barbara shi ne raguwar tsawon yini, shi ya sa lokacinta ba ya sauyawa sosai daga shekara zuwa shekara. A jihohin arewa irin su Wiskonsin, Ilinoi da Ohayo, tana kai ƙololuwa a tsakiyar Nuwamba. A kudu lamarin daban ne, a sassan Alabama sai a Janairu. Sanyi ba ya kawo barbara, amma ranar da gari ya waye da sanyi bayan kwanakin ɗumi, barewa sun fi motsi da rana, don haka in hutunka na aiki kaɗan ne, ka ajiye shi don irin wannan ranar.

Mataki na biyu: hannu ya saba da baka

Yawancin maharban can suna amfani da baka mai 'yan tayoyi a bakinsa biyu, wanda Holless Wilbur Allen na jihar Misuri ya ƙirƙira a shekarun 1960. Amfaninsa shi ne in ka ja tsirkiya ta kai ƙarshe, nauyin yakan ragu ƙwarai, ka iya riƙewa kana jiran dabba ta gyara tsayuwa. Kada ka zaɓi baka mai nauyin da sai ka ɗaga shi sama kana nishi kafin ya jawu. Ka zaɓi wanda za ka iya ja a hankali kana zaune, cikin rigar sanyi, bayan ka yi awa 3 ba ka motsa ba.

Maharbanmu na gargajiya sun dogara da dafi, ko a cinya kibiya ta samu dabba, dafin zai ƙarasa aikin. A can dafi haramun ne a kusan ko'ina. Kan kibiyar ƙarfe ne mai kaifin aska, yana kashewa ne ta hanyar zubar jini, saboda haka inda kibiya ta shiga shi ne komai. Ba a fafe gora ranar tafiya: ka fara atisaye tun da damina, da irin kan kibiyar da za ka yi farauta da shi, kuma daga wuri mai tsawo, domin harbi daga kan bishiya ya bambanta da harbi a ƙasa. Nisan da kibiyoyinka ke taruwa a faɗin tafin hannu kowane lokaci, shi ne iyakarka. Ga yawancin mutane bai wuce mita 18 zuwa 27 ba.

Mataki na uku: karanta abin da namiji ya rubuta a daji

Alama ta farko ita ce goge. Namiji yakan sa ƙahonsa ya kankare ɓawon ƙananan bishiyoyi, yana shafa musu warin goshinsa. Sabon goge za ka ga itacen fari fat, ɓawon da ya zube a gindi bai bushe ba. Ƙaramin namiji ba kasafai yake taɓa bishiya mai kaurin cinyar mutum ba, don haka in ka ga irin wannan an ɗaye ta, babba ne ya yi. Goge guda ɗaya ba ya gaya maka komai sai cewa ya taɓa wucewa. Abin nema shi ne jerin goge a kan layi ɗaya, domin yakan nuna hanyarsa tsakanin makwanci da wurin kiwo, kuma gefen da aka kankare shi ne gefen da ya fito.

Alama ta biyu ita ce tono. Yakan share ganye da kofato har ƙasa ta fito, ya yi fitsari a wurin ta kan wasu ƙulli masu wari da ke cikin gwiwoyinsa na baya. Kusan kullum za ka ga reshe a sama da tonon, tsayin kamar mita ɗaya da rabi, wanda yake lasa yana goga fuska a jikinsa. Reshen nan ya fi tonon muhimmanci, maza da mata duk suna shinshinarsa su san wa ya zo. Kada ka taɓa shi da hannu.

A nan ne sabon maharbi ke yaudaruwa. Ya ga tono babba a bakin gona, sai ya kafa zama a kansa mako guda bai ga komai ba, domin yawancin ziyarar irin wannan tono da dare ake yinta. Tonon da ya cancanci zama shi ne na cikin duhuwa kusa da makwanci, kuma a ƙarshen Oktoba, kafin mata su shirya. Da an shiga Nuwamba mazaje sukan yi watsi da tono, ganye ya rufe shi, su bazama neman mata.

Daga nan sai ka sauya tunani gaba ɗaya. Ka daina bin namiji, ka nemi inda mata suke. Suna ci a gonakin masara da waken suya, da ƙarƙashin itatuwan ok da ke zubar da 'ya'ya, sannan su kwanta a sarƙaƙiya. Namiji ba ya kutsawa cikin kowace sarƙaƙiya, yakan zagaya ta gefen da iska ke fitowa daga cikinta, ya shinshina ya wuce zuwa ta gaba. Mace kuwa kusan kwana ɗaya kacal take karɓar namiji, in ba ta ɗauka ba sai bayan kwana 28, shi ya sa yake wannan gaggawa. A tsakiyar watan kana iya ganin daji ya yi tsit, ka zaci an gama. Ba a gama ba, kowane babban namiji ya keɓe da mace ne na kwana ɗaya ko biyu, da ya rabu da ita zai sake fitowa.

Mataki na huɗu: wurin zama da iska

Ka nemi matsatsi, wato inda yanayin ƙasa ke tilasta wa dabba bin hanya guda: siririn kurmi tsakanin gonaki biyu, mashigin ƙorama, kan kwazazzabo, ko kwarin da ke tsakanin tuddai biyu. Matsatsin da ya haɗa makwancin mata biyu, a ganina, babu wurin da ya kai shi a makon farko na Nuwamba.

Ana ɗaure mazaunin ƙarfe a jikin bishiya, tsayin mita 5 zuwa 6, kamar mita 15 zuwa 20 daga hanyar. Ka sa ɗamarar tsaro ka ɗaure kanka da igiya tun daga ƙasa har ka sauko. Faɗowa daga bishiya ya nakasa mafarauta da yawa, akasari a wajen hawa da sauka. Bakanka kuma ka jawo shi da igiya bayan ka zauna.

Sai iska, wadda ita ce alƙalin farautar nan. Idon barewa kana iya ruɗinsa in ba ka motsi, kunnenta ma wani lokaci takan yi shakka, amma hancinta ba ya ƙarya, kuma ba ta jiran hujja ta biyu. Sabulu marar ƙamshi da takalmin roba suna taimakawa kaɗan, sai dai ba sa maye gurbin zama a inda iska ke kwashe warinka daga hanyar dabba. Ka riƙe ɗan gari ko audugar rimi irin mai tashi, ka riƙa saki kana ganin inda ta nufa. A ƙasa mai tuddai akwai ƙarin lissafi: da hantsi in rana ta ɗumama ƙasa iska takan hau tudu, da yamma in gari ya yi sanyi ta gangaro kwari. Ranar da iska ba ta dace da bishiyarka ba, ka haƙura ka tafi wata. Zama ɗaya da mummunar iska ya isa ya sa tsohon namiji ya ƙaurace wa wurin. Hanyar da za ka bi ka shiga ma ka tsara ta, kada ka ratsa gonar da suke kiwo da asuba.

Ka tafi da guzuri ka yini. Mutane da yawa sukan sauko ƙarfe 10 su tafi karin kumallo, alhali tsakanin 10 na safe da 2 na rana manyan mazaje kan yi yawo a wannan lokaci. In ka hango namiji yana wucewa nesa, ka busa 'yar ƙahon da ke kwaikwayon gurnaninsu sau ɗaya ko biyu. In ya juyo, ka yi shiru. Gwara ƙahoni biyu don ya zaci faɗa ake yi yana aiki, musamman a ƙarshen Oktoba, amma ka sani mai zuwa zai nemi zagayowa ta gefen da iska ke kai warinka.

Mataki na biyar: harbi

Ka ja tsirkiya lokacin da kansa ya shiga bayan bishiya ko ya kau da ido. Tsayuwa biyu kawai ake harbi: in ya ba ka gefe sosai, ko in ya ɗan juya ya ba ka baya kaɗan. Ka auna bayan kafaɗa, a kashi ɗaya bisa uku na ƙasan ƙirji, da niyyar kibiya ta huda huhu biyu. In yana fuskantarka, ko yana gudu bayan mace, ka bar shi ya tafi komai girman ƙahonsa. In tafiya yake, ɗan ƙara da baki zai tsayar da shi. Ka tuna sauti ya fi kibiya sauri nesa ba kusa ba, barewar da ke a tsorace takan durƙusa da jin ƙarar tsirkiya, kibiya ta bi ta samanta, wannan ma dalili ne na rage nisa.

Musulmi ya yi bisimilla yayin sakin kibiya. Hadisin Adiyyu ɗan Hatim ya fayyace cewa abin da makami ya huda da kaifinsa ana ci, wanda ya buge da faɗinsa ba a ci. In ka tarar da dabbar da sauran rai, sai ka yanka.

Mataki na shida: bin jini

Kada ka sauko nan take. Ka lura da bishiyar ƙarshe da ka ga ya wuce, ka saurara, ka duba agogo. Bayan aƙalla minti 30 ka sauko ka nemi kibiyarka, ita za ta gaya maka abin yi. Jini mai haske da kumfa na huhu ne, da wuya ka wuce mita 150 ba ka same shi ba. Jini mai duhu na hanta ne, ka ba shi awa 4 zuwa 6. In ka ga kore-kore mai wari, tumbi ka samu, sai ka janye a hankali ka dawo bayan awa 8 zuwa 12. Jiran nan yana da zafi a rai, amma dabbar da ba a kora ba takan kwanta kusa ta mutu a makwancinta na farko, wadda aka tasa kuwa tana iya yin kilomita ba ɗigon jini, ta mutu inda ba mai samunta.

Ka bi ta gefen sawun don kada ka tattake alama, ka riƙa ɗaura ƙyalle a kowane wurin da ka ga jini, ka duba jikin ciyawa da ganyen da ke tsayin ƙugu. In jini ya ɗauke, ka koma ƙyallen ƙarshe ka zagaya a hankali, ka leƙa bakin ruwa da sarƙaƙiya mafi kusa. In ya tsallaka gonar wani, ka nemi izini kafin ka bi. Jihohi da dama sun yarda a kira mai karen bin jini.

Da ka same shi, ka cika takardarka yadda dokar jihar ta ce, ka fitar da kayan ciki da wuri don nama ya huce, ka sa safar hannu, in ka koma gida ka duba jikinka ko kaska ta kama ka. A yankunan da ake da cutar nan mai lalata ƙwaƙwalwar barewa, wadda aka gano a barewar Wiskonsin a 2002, ka kai kan a gwada, ka ajiye naman a firiza har sakamako ya fito.