Kurakuran da sababbin matuƙa jiragen ruwa ke maimaitawa a tsibiran Girka lokacin cunkoso

Duk ranar Asabar a watan Yuli da Agusta, jiragen ruwa na haya suna fitowa daga tsibirin Lefkada jere kamar garken tumaki, kowa ya nufi Meganisi ko Itaka ko Kefaloniya. Shekaru ke nan ina aiki a kan irin waɗannan ƙananan jirage masu tafiya da iska a Tekun Ioniya, kuma na gaji da ganin kuskure iri ɗaya kowace bazara. Tafiya a tsakiyar teku ba ta cika ba mutum wahala a nan ba. Inda ake ɓarna shi ne wurin tsayawa.

Na farko, zuwa a makare. Ƙananan tashoshi irin su Fiskardo a Kefaloniya da Kiyoni a Itaka ba sa jiran kowa. Wanda ya tsaya iyo har la'asar zai tarar ba masaka tsinke, kuma a daidai lokacin ne iskar arewa maso yamma take ƙarfi, domin bayan azahar take tashi, sai rana ta faɗi ta kwanta. Ni dai ƙarfe biyu tana yi mini a tasha, kuma tun da safe nakan zaɓi wuri na biyu da zan nufa idan na tarar an cika.

Amma babban abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne anka, wato ƙarfen nan mai sarƙa da ake saki ƙasan teku ya riƙe jirgi. A yawancin garuruwan nan ba a jingina jirgi da gefensa. Sai ka saki anka a tsakiyar tasha, ka yi ribas, ka kawo bayan jirgin kusa da dakalin gaɓa, ka ɗaure igiya biyu. Ba abin da ya raba bayan jirginka da siminti sai wannan ankar. Duk da haka za ka ga mutum ya zo dab da gaɓa kafin ya sake ta, sarƙar da ke cikin ruwa ba ta wuce mita 15 ba, ya ɗaure igiya, ya kashe inji, ya tafi cin kifi.

Na yi wannan a shekarata ta farko, kuma har yau raina yana ɓaci idan na tuna. Wuri ɗaya ya rage, wani jirgi yana biye da ni, sai na yi gaggawa. Ankar ta faɗa kan ciyawar ƙarƙashin teku, ba ta nutse cikin ƙasa ba, ni kuwa ban gwada ta ba. Wajen ƙarfe uku na dare hadari ya taso, iska ta juyo ta goshin jirgi. Ƙarar da ta tashe ni ita ce ta bayan jirgin yana bugun siminti. Na fito ba takalmi, ruwa yana zuba, ina tura dakali da ƙafa, maƙwabcina yana haska mini tocila yana ihu da yaren da ban ji. Da gari ya waye na ga tsaga mai tsawon tafin hannu biyu, kuma kuɗin gyaran daga aljihuna ya fita. Gaggawar minti biyar ta cinye mini ladan makonni.

Tun daga ranar ga yadda nake yi. Ina sakin anka a nisan tsawon jirgi uku zuwa huɗu daga gaɓa, wato idan jirgin mita 12 ne, sarƙa kusan mita 40 ko fiye. Idan ruwan garau ne, ina neman wuri mai haske, yashi ke nan, in guji mai duhu. Bayan na ɗaure igiyoyin baya, sai in ja sarƙa har ta miƙe tsam, in ɗora ƙafa a kanta daga waje da injin jan sarƙa. Idan tana karkarwa tana tsalle, ankar jan ciki take yi. A kwance, a sake. Wasu suna cewa na cika tsanani. Su yi ta faɗa, ni na san abin da na biya.

Sai haɗa sarƙa da ta maƙwabci. Don Allah, kafin ka saki anka, dubi inda sarƙoƙin jiragen da ke gaɓa suka nufa! Ka tsaya daidai saitin gurbin da za ka shiga, ba a karkace ba. Kowace safiya a Fiskardo sai an yi wannan rigima: mai fita ya ɗago ankarsa tare da sarƙar wani, ya rikice, ya ƙara wuta, ya tumɓuke ankar mutane biyu. Abin ba ya bukatar ihu. Ɗago sarƙar zuwa saman ruwa, zura igiya ta ƙarƙashinta ka ɗaure a goshin jirgi, sassauta taka ankar har ta kuɓuta, sannan ka saki gefe ɗaya na igiyar. Kada ka kuskura ka sa hannu tsakanin sarƙa da anka. Nauyin jirgi guda ne a wurin, yatsa ba komai ba ne a gabansa. In kuwa ka motsa ankar wani, gaya masa kafin ka tafi. Wanda ya sulale ya bar mutane da anka sakakkiya ya ci amana.

A lungunan da ake kwana kan anka kaɗai, irin su Viliko kusa da garin Nidiri a Lefkada, kuskuren shi ne mantawa cewa jirgi yana kewaya ankarsa idan iska ta juya. Ka auna da'irar da za ka zaga, kuma ka sani katamaran, wato jirgi mai ciki biyu, ba ya juyawa daidai da jirgi mai ciki ɗaya. Wanda ya riga ka zuwa shi ke da wuri, idan kun matsu kai za ka tashi. Sarƙa kuwa ni ninki biyar na zurfin ruwa nake saki, ko da maƙwabta sun harare ni.

Sauran ƙanana ne. Rataya robobin kare gefen jirgi tun kafin ka shiga tasha. Fara ribas daga nesa, domin farfela takan ja bayan jirgi gefe ɗaya kafin sitiyari ya kama. Kada igiya ta yi lilo a ruwa inji yana aiki. Idan za ka kai doguwar igiya tudu, ɗaura a dutse, ka bar itatuwan mutane, ka kuma zura gorar roba a jikinta saboda ɓeraye. Kunna fitilar anka da dare, wato wadda ke nuna wa wasu jirage kana tsaye, kashe janareta, kuma kada ka zubar da tankin bayan gida inda yara suke iyo.

Hasashen yanayi kuwa safe da yamma nake dubawa, ko sama ta yi tas. Guguwar Iyanos da ta daki Kefaloniya da Itaka a watan Satumban 2020 an yi kwanaki ana gargaɗi a kanta, duk da haka ta tarar da jirage ɗaure a dakalin da bai kamata a bar su ba.