Babi na Tara: Kalmar Take, Karatunta da Ma'anoninta

Darasi na 1

Ku buɗe littafin rubutu, ku rubuta haruffan nan huɗu a saman sabon shafi, manya-manya: t a k e.

Da a ajin Hausa muke, da tuni kowa ya karanta ta yadda muke cewa "nan take" ko "me take yi". To, yau Turanci muke yi, kuma Turanci bai yarda da ƙa'idar da muka saba da ita ba, wato duk harafin da aka rubuta sai an furta shi. Wannan e na ƙarshe shiru yake yi. Aikinsa ɗaya ne: ya sauya muryar a na tsakiya ta koma "ei". Abin da zai fito daga bakinku shi ne "teik", gaɓa ɗaya tak. Ku ja siririn layi da fensir a kan e ɗin, ido ya saba tsallake shi.

Harshen Bahaushe ya saba rufe kalma da wasali, shi ya sa da yawanku za ku ji kuna cewa "teki". Ba laifi ba ne, sabo ne. Ku tsaya a kan k ɗin yadda kuke tsayawa in kun ce "cak". Ku faɗa sau goma da murya sama. Iyayenmu na layin baya, ku ma a ji muryarku, ba wanda aka haifa da Turanci a ajin nan.

Darasi na 2

In aka tambayi ɗan makaranta ma'anar take, zai ce "ɗauka". Ya yi gaskiya, amma kashi ɗaya kawai ya faɗa. Idan kun gama cire kuɗi a na'urar ATM, allon yakan rubuta:

Please take your card.

Nan ɗauka ce: ɗauki katinka. Amma idan ma'aikaciyar jinya ta ce muku:

Take a seat.

ba ta ce ku saɓa kujerar asibiti ku tafi da ita gida ba. Cewa ta yi ku zauna.

To yaya mutum zai gane wace ma'ana ake nufi? Da yatsa. Wannan shi ne ginshiƙin babin nan duka, saboda haka a hankali za mu bi shi.

Ku ɗora manuniyarku a kan take. Kada ku fassara. Ku bar bakinku a rufe. Ku ja yatsan zuwa dama. Dama na ce. Waɗanda suka fara da allo suka saba da ajami su kula, Turanci daga hagu zuwa dama yake tafiya kamar boko. Za ku tarar da ƙananan kalmomi a hanya, irin su a, an, the, my, your. Ku tsallake su. Ku ci gaba har yatsan ya sauka a kan sunan wani abu. Nan ne za ku tsaya ku tambayi kanku: da Hausa, me ake yi wa wannan abin? Amsar da kuka bayar ita ce ma'anar take a wannan jimlar.

Mu gwada. Take a photo. Yatsa a kan take, ba fassara. Dama. Tsallake a. Photo, hoto. Me ake yi wa hoto? Ɗauka ake yi. Ɗauki hoto.

Take a taxi. Yatsa a kan take, ba fassara. Dama. Tsallake a. Taxi, tasi. Me ake yi wa tasi? Shiga ake yi. Shiga tasi.

Take an exam. Yatsa a kan take. Har yanzu ba fassara. Dama. Tsallake an. Exam, jarrabawa. Jarrabawa rubuta ta ake yi. Rubuta jarrabawa.

Kun ga kalma ɗaya, amsa uku, kuma duk ukun daga Hausarku kuka ciro su. Abin da kuka riga kuka sani ne yake yin aikin. Wanda ya ji ya rikice ya koma kan hoto ya sake farawa, ba gaggawa muke yi ba. Yatsa, shiru, dama, sunan abu, sannan fassara. Ku rubuta matakan nan biyar a bangon littafinku na ciki.

Darasi na 3

Wannan darasin ya fi sauran nauyi, domin a jikin kwalin magani ne za ku fi haɗuwa da take. Kowa ya zo da kwalin da ya ƙare daga gida. Ku karanta wannan:

Take two tablets three times daily.

Yatsa a kan take. Shiru. Dama. Two lamba ce, biyu, ku riƙe ta a zuciya ku wuce. Tablets, ƙwayoyin magani. Me ake yi wa magani? Sha ake yi. Ashe take a nan sha ce: a sha ƙwaya biyu sau uku kullum.

Akwai lamba biyu a jimlar, kuma nan ake yawan tuntuɓe. Lambar da ta zo kafin tablets ita ce yawan ƙwayar da za a haɗiya a lokaci guda. Lambar da ta zo kafin times ita ce sau nawa a rana. Wanda ya juya su zai haɗiyi ƙwaya uku a zama ɗaya. Farasitamol mai awon 500 mg, alal misali, babba ba ya wuce ƙwaya biyu a lokaci guda, ba ya sake sha sai an yi aƙalla awa huɗu, kuma ba ya wuce ƙwaya takwas cikin awa 24. Wuce haka na iya lalata hanta. Saboda haka ku zagaye lambar farko da fensir, ku ja layi ƙarƙashin ta biyu.

Wani lokaci ba za ku ga times ba sam. Once, ana furta ta "wans", sau ɗaya. Twice, "tuwais", sau biyu. Daily, kullum. Before meals, kafin cin abinci. After meals, bayan cin abinci. Sau uku a rana yawanci ana raba shi ne tsakanin awa takwas-takwas, kamar shida na safe, biyu na rana, goma na dare, sai dai in likita ko mai ba da magani ya faɗa muku wani tsari. Nasa za ku bi. Maganin ruwa ma take ake rubuta masa: Take 5 ml. Ku auna da ɗan kofin da ya zo cikin kwalin, mai layi-layi a jiki. Cokulan gida ba girmansu ɗaya ba.

Yanzu ga ƙari ɗaya a kan aikin yatsa, na kwalin magani musamman. Kafin ku tafi dama, ku leƙa hagu. In kun ga not, ko do not, ko never, hani ne.

Do not take with alcohol. Kada a sha tare da giya.

Not to be taken. Ba na sha ba ne. Irin wannan a jikin maganin shafawa ake ganinsa.

Mu sake. Yatsa a kan take. Shiru. Leƙa hagu, akwai not ko babu? Sannan dama. Sunan abu. Sannan fassara.

A nan dole a faɗa muku gaskiya. Akwai masu ganin take su yi wuf su ce "ɗauka" tun yatsa bai taɓa takarda ba, wai don kada a ce sun yi jinkiri. Wannan canki-canka ce, kuma ba a yin canki-canka da maganin yaro. Wasu kuma kunyar nuna rubutu da yatsa suke ji, wai aikin 'yan firamare ne. Kunyar ta kai ta mutumin da ya shayar da iyalinsa maganin shafawa? Ku sa yatsa.

In kuma ku ne za ku yi wa likita bayani da Turanci, kada ku ɗauko "sha" ta Hausa ku mai da ita drink. Drink ta ruwa ce da shayi da fura. Magani take ne.

Darasi na 4

Take this paper to the lab.

Yatsa, shiru, dama. Paper, takarda. Kada ku tsaya tukuna, ku ƙara jan yatsan gaba kaɗan. In kun ga kalmar Turanci to sannan sunan wuri ko mutum ya biyo, take ta zama "kai". Kai takardar nan ɗakin gwaji. Take the child to the hospital, kai yaron asibiti.

Abokiyar tafiyarta ita ce bring, wato "kawo". Mu da wasalin o kawai muke nuna cewa abu wajenmu zai zo: kai da kawo, ɗauka da ɗauko, saya da sayo. Bature kalma biyu daban ya ware. In abin zai yi nesa da mai magana, take. In zai zo inda yake, bring. Masu koyon Turanci a Sifen da Meziko ma sai sun bi ta wannan hanyar, don a Sifaniyanci tomar ce ta shan magani, llevar ta kai abu wani wuri, traer kuma ta kawowa. Ba ku kaɗai take ke wahalarwa ba.

Ku kula da abin hawa. Take a bus to Zaria, shiga mota zuwa Zariya ne. Take the bus to the mechanic, kai motar wurin bakanike ne. Sunan wurin zai gaya muku. Wanda bai kai yatsansa ƙarshen jimla ba shi ya sani.

Darasi na 5

Take tana sauya kama da lokaci.

In abin ya wuce, took. Ana furta ta "tuk", da gajeren u. I took two tablets, na sha ƙwaya biyu. Babu wata kalma taked, kada a sake rubuta ta.

Bayan have ko has, taken, furucinta "teikin". Ba "taken" ta taken ƙasa ba ce.

Bayan he, she, it, a ƙara s. It takes two hours, yana cin awa biyu.

Bayan did not, a koma take. I did not take. Rabin aji did not took suke rubutawa duk da an gyara a allo. Ku kwafi daidai ɗin sau goma. Aikin yatsa bai sauya ba, ko took ce ko taken.

Darasi na 6

Waɗannan haddace su ake yi.

Take off your shoes, cire takalmanka. In jirgin sama ne, take off tashi ne. Take away, abincin da za a ƙunsa a tafi da shi. Take care, kula da kanka. Take your time, kada ka yi gaggawa.

Darasi na 7

Aikin gida. Ku nemo take a wuri uku, kwalin magani ko allon ATM ko takardar asibiti, ku kwafo jimlar duka, ku rubuta Hausarta a ƙasa. Waɗanda ba su kawo aikin babi na takwas ba su haɗo da shi.