Tsatsar ƙarƙashin mota: a yi maganinta kafin damina

Salamu alaikum 'yan uwa direbobi da masu motoci. Jiya na leƙa ƙarƙashin wata tirelar shanu da ke zuwa Legas, abin ya dame ni ƙwarai. Ƙarfen da ke ɗauke da bodi ya ci tsatsa har yana ɓarewa a hannu, alhali ta sama motar tsaf take.

Fitsarin shanu, takin zamani da gishiri su ne manyan masu cin ƙarfe, sai kuma iskar bakin teku irin ta Apapa. Motocin tokunbo da suka fito daga Kanada ko arewacin Amurka ma da ciwonsu suke zuwa, domin can gishiri ake watsawa a titi lokacin ƙanƙara.

Don Allah kar a shafa baƙin fentin nan mai kauri kamar kwalta a kan tsatsa. Rufe ta kawai yake yi, danshi ya maƙale a ciki, ƙarfe ya ci gaba da ruɓewa ba ka gani. A fara wanke ƙarƙashin da ruwa mai ƙarfi, a bar shi ya bushe sarai, shi ya sa rani ya fi dacewa. Sai a kankare tsatsar da buroshin waya, a sa jan fenti na ƙarfe, sannan a bi da baƙin fentin mai kauri. Inda ya huje, mai walda za a fara kira.

Ni ban yarda da feshin baƙin mai ba, yana lalata roba, ga kwasar ƙura. Kuma komai za a fesa, kar ya taɓa birki ko salansa.