Yadda na daidaita ramukan da noti ya ƙi shiga

Wani mai injin niƙa a Kakuri ya dawo min da farantan ƙarfe da muka huda masa a shagonmu na Fanteka, wai ramuka huɗu ne amma noti uku kawai ke shiga.

Yaron shagon yana auna rami na biyu daga na farko, na uku daga na biyu, sai kuskure ya riƙa taruwa. Zanen farantin kuwa bisa ƙa'idar ASME Y14.5 aka yi shi, wato ƙa'idar injiniyoyin Amurka ta rubuta awo da iyakar kuskure a zane: kowane rami daga fuskokin tushe A, B da C, wato fuskoki uku na farantin da awo ke farawa daga gare su, ake auna shi, kuma tsakiyarsa ta faɗa cikin da'ira mai faɗin milimita 0.2.

A nan mutane ke ruɗewa. Wani rami ya kauce 0.08 a tsaye, 0.08 a kwance, kai ka ce lafiya lau. Amma kaucewar a karkace ta kai 0.113, in ka ninka biyu don ka samu faɗin da'irar 0.226 ke nan, ya wuce 0.2, ya fita. Abin da ya ceci wasu farantan shi ne alamar M da ke zanen, wadda ke nufin in rami ya fi ƙaramin faɗinsa girma, ana ƙara rarar a kan iyakar kaucewarsa: ramin da ƙaramin faɗinsa 10.0, in ya fito 10.1, ya samu rarar 0.1, iyakarsa ta koma 0.3.

Sai na ƙera ma'auni mai turaku huɗu, kowanne kaurinsa 9.8, wato 10.0 a cire 0.2, da madogara a gefen B da C. Farantin da ya zauna a kai ya wuce. Sauran muka buɗa raminsu zuwa 10.2, wanda duk da haka ya ƙi zama muka sake ƙera shi.