Yadda Ake Kula da Doki, Kare da Mussa Daga Bazara Zuwa Ɗari a Damagaram

Duk shekara, da zarar ruwan farko ya sauka a Damagaram, ba a kwana goma sai an fara kiranmu cikin dare: doki yana birgima, yana waiwayen cikinsa, ya ƙi ci. In ka bi sawu, sai ka tarar dokin ya yi wata takwas yana cin busasshen abinci, rana ɗaya aka sake shi cikin ɗanyar ciyawa. Mu masu aikin lafiyar dabbobi mun daɗe da lura cewa mashigar lokaci ta fi tsakiyarsa cin dawaki. Shi ya sa aikin kowane lokaci ake fara shi tun na gabansa bai fita ba.

Mataki na farko: san dabbarka tana lafiya

Sayi ma'aunin zafin jiki, ka ajiye shi a barga. Lafiyayyen doki zafinsa yana tsakanin digiri 37.5 da 38.5, yana numfashi sau 8 zuwa 16 a minti, bugun zuciyarsa kuma 28 zuwa 44, ana jin sa da yatsa a ƙarƙashin muƙamuƙi. Zafin jikin kare da mussa yana kai 38 zuwa 39. Ɗaga leɓe ka duba dasashi: ja-ja ne mai damshi, in ka danna ya yi fari, cikin daƙiƙa biyu launinsa ya dawo. Yaron da ke share barga kuma ya san tulin kashi nawa yake kwashewa kowace safiya, don ranar da ya ragu shi zai fara gani.

Mataki na biyu: bazara, daga Maris zuwa saukar ruwa

A nan maganar ruwa ce, kuma kowa ya san halin ruwa a garin nan idan Afrilu ta kama. Zafi yana wuce digiri 40, pampo yana ɗaukewa, mai gida yana lissafin bido tsakanin iyali da dabba. Duk da haka doki ba ya ƙasa da bido biyu na lita 25 a rana, mai aiki ko goɗiya mai shayarwa kuwa sun fi haka. Kada a ba shi duka a zama ɗaya da yamma. A raba safe, rana da dare, in da hali a bar ruwan a gabansa cikin inuwa. Tsunkuli fatar wuyansa ka saki: in ta yi jinkirin kwantawa, ruwan jikinsa ya yi ƙasa.

Gumi yana fitar da gishiri, don haka a ajiye masa kantu ya riƙa lasa. Kanwa da iyayenmu suka saba bayarwa a ba da ita kaɗan, kuma ba ta maye gurbin gishiri. Rumfar zana mai tsawo ta fi ta kwano sanyi nesa ba kusa ba.

Abin da ya fi ba ni tsoro a bazara shi ne rairayi. Ana zuba wa doki harawa ko dusa a ƙasa, yana tsince ganyen da ya kakkarye yana haɗiye yashi, yau kaɗan gobe kaɗan, har ya taru ya toshe hanji. Zuba abinci a komi ko rabin tano, ko aƙalla a kan buhu. In kana son sanin inda aka kwana, ɗebi kashin da bai taɓa ƙasa ba, ka dama shi da ruwa cikin farar leda, ka rataye ta kaɗan. Yashin zai kwanta a gindi. In ya taru sosai, nemi likita tun cikin bai murɗa ba. A tsince ledoji da guntayen igiya daga turke, don dabba mai yunwa ba ta zaɓe.

Kare ba ya gumi irin na doki, da haki yake fitar da zafi. Wanda aka ɗaure da sarƙa inda inuwa ke gushewa da azahar yana iya mutuwa kafin la'asar. In ka gan shi harshe waje, yawu na dalala, yana tangaɗi, kai shi inuwa ka jiƙa shi da ruwa nan take, sannan a tafi asibiti.

Sai hawan Sallah, wanda a shekarun nan ƙaramarsa ke faɗowa cikin Maris da Afrilu. Kowa yana son dokinsa ya fito ƙofar fada a Birni da sheƙi da ƙiba, sai ana saura mako guda a ninka masa gero. Wannan shi ke jawo murɗawar ciki, ko kumburin cikin kofato, inda za ka ga doki ya miƙe ƙafafun gaba yana jin tsoron takawa, kofaton da zafi. Shiri yana farawa da wata guda ko fiye: kilisa da sassafe, ana ƙara nisa sannu a hankali, hatsi kuma kada ya wuce rabin tiya a ci ɗaya. A ɓarza geron ko a jiƙa shi, in ba haka ba rabinsa zai fito a kashi yadda ya shiga. Ranar hawa, da an sauka a kwance majayi, a cire sirdi da kayan ado, a kwarara masa ruwa a wuya, ƙirji da tsakanin cinyoyi. Tsoron da ake yi wai ruwa zai kama dokin da ya yi gumi ba shi da tushe, zafin da aka bari a jikinsa ne ke kayar da shi. A ba shi ya sha, sannan a duba gadon baya da gefen baki ko sirdi da linzami sun ji masa.

Mataki na uku: damina

Tun hadari bai haɗu ba a cike ramukan barga da ƙasa, a yi wa ruwa hanya, a ba da maganin tsutsar ciki, a yi allurar tetanos, cutar da ke sanƙarar da jiki. Ɗanyar ciyawa kuma a shigo da ita cikin kwana goma zuwa sha huɗu: a fara cika masa ciki da harawa, sannan a ba shi ɗanyar kaɗan, gobe a ƙara. A nisanta shi da ƙaramar dawa da gyauronta, akwai dafi a cikinsu.

Kullum a ɗaga ƙafa a sakace kofato. Baƙin ruwa mai wari a tsagar tsakiya alama ce yana tsayuwa cikin laka da fitsari. Ana gyaran kofato duk mako shida zuwa takwas.

Akwai wata cuta mai kisa a wannan lokaci, wasu ƙwari ne ke kawo ta, ƙanana ƙwarai, sun fi sauro ƙanƙanta, suna cizo daga magariba zuwa asuba. Doki yana yin zazzaɓi, ramin saman idonsa ya kumbura, numfashi ya yi wuya, wani lokaci kumfa ta fito ta hanci. Ba ta da magani, sai riga-kafi da kariya. Kada a kwanar da doki kusa da tabki, a shigar da shi tun rana ba ta faɗi ba, a sa hayaƙi ko labulen raga mai ƙananan ido. Wanda ya ga waɗannan alamu ya sanar da ofishin kiwo a ranar, don dawakin maƙwabta. Haka nan in ƙulle-ƙulle suka jeru a ƙafa ko wuya kamar carbi, suna fashewa da ruwa, a ware dokin da sirdinsa da burushinsa.

Ina roƙon masu dawaki su riƙe wannan da kyau: maganin kaska na shanu mai sinadarin amitraz ba a shafa wa doki shi. Yana tsayar da hanjinsa, yana kashe shi. Haka maganin ƙuma na kare mai permethrin yake wa mussa, kuma ƙwayar parasetamol ɗaya ta isa ta kashe ta. Karanta jikin kwalba, in rubutun ya goge kada ka saya. Kare kuma a duba kunnuwansa da tsakanin yatsunsa saboda kaska. Ƙurji mai ɗan rami a tsakiya sau da yawa tsutsar ƙuda ce a ciki, daga kwanciya a ƙasa mai damshi. A toshe ramin da man basilin, za ta leƙo, a matse ta a hankali.

Mataki na huɗu: kaka

Yanzu ake sayen abincin bazara, lokacin da harawar wake da ta gyaɗa ke da araha. Doki yana cin kimanin kashi biyu cikin ɗari na nauyinsa a rana, wato mai kilo 300 yana buƙatar kilo 6 na busasshen abinci, mafi yawansa ciyawa. Yi lissafin watanni, ka jibge ta sama da ƙasa, a rufe. Damin da ya yi fumfuna a zubar. Dusa ita kaɗai tana raunana ƙashi in an daɗe a kanta, harawa ce ke gyara ta. A sake ba da maganin tsutsa daidai da nauyin dabba, don rabin awo yana koya wa tsutsa jure magani.

Mataki na biyar: ɗari

Ƙurar hunturu tana sa tari, don haka a yayyafa wa harawa ruwa kafin a zuba, a kare barga ta gabas da arewa da zana ba tare da toshe iska gaba ɗaya ba. Doki yana rage shan ruwa in ya yi sanyi, ga abinci busasshe, sai kashi ya taurare. A ba shi ruwan da ya sha rana. Tsoho da duƙushi a lulluɓe su da dare. Ba mu manta 2019 ba, shekarar da murar dawaki ta ratsa ƙasar nan da maƙwabta ta kashe jakai masu yawa. Duk dokin da aka sayo daga kasuwa a ware shi mako biyu, da bokitinsa daban, ana auna zafinsa kullum.

Allurar haukan kare ba ta da lokaci: kwikwiyo ko ɗan mussa yana cika wata uku a yi masa, a maimaita duk shekara, a adana takardar. In kare ya ciji mutum, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a tafi asibiti a ranar, ko da ciwon ƙarami ne.

Idan kuma duk da haka cikin doki ya murɗa cikin dare, a kwashe abincin gabansa, a kira likita, a riƙa zagawa da shi a hankali in yana son faɗuwa. Kada a ɗura masa mai ko jiƙo ta baki ko ta hanci, don yana iya zarcewa huhu. Kafin likita ya iso, a auna zafinsa da bugun zuciyarsa, a tuna yaushe ya yi kashi na ƙarshe da abin da aka canza masa a makon. In bugun ya haura 60, a faɗa tun a waya.